Wa ya busa ƙaho, wa aka yaba?



Yau zan kai ku nesa, can ƙasar Rasha, ƙasar sanyi da ƙanƙara. Zan kuma maida ku baya, shekaru fiye da 250. Gardama ce ta sa ni wannan rubutu. Wani abokina ya yi karatu a Rasha. Ya komo da hotunan tsohuwar fadar sarakunansu ta birnin Petasbur. Ga ginshiƙai, ga madubai, ga ɗakuna masu ruwan zinariya. Yana nuna mini yana yabo. Ya ce sarauniyoyi uku, Ana da Elizabet da Katarina, su ne suka fid da Rasha daga duhu, suka kawo mata kiɗa mai kyau. Ya ce har littattafai suna kiran mulkin Katarina zamanin zinariya.

Na ce masa ban yarda ba. Muka yi ta ja har dare, ba wanda ya kada wani. Shi ya sa na kawo maganar gabanku. Yawancinku manoma ne. Kun san in aka yi babban biki, daga rumbun wani aka ɗebo hatsin. To ku saurara, ku yanke mana.

Ga abin da nake cewa. Kiɗan fadar Rasha yana da daɗi, ban musa ba. Har yau ana jin wani sashe nasa. Amma yabon ya ɓace hanya. An yabi wadda ta zauna bisa kujera tana saurare. An manta da wanda ya busa, an manta da wanda ya noma kuɗin da aka biya. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Rasha ba ta rasa kiɗa ba

Da farko, ba gaskiya ba ne a ce Rasha ba ta da kiɗa sai da fada ta kawo. Mutanen ƙauye suna da waƙar girbi, da waƙar aure, da waƙar makoki. Akwai kuma makaɗa masu yawo gari gari. Suna wasa a kasuwa da wajen biki. Wasu suna tafe da dabbar daji da suka hora, kamar yadda gardi ke yawo da kura.

Ina suka tafi? Fada ce ta kashe sana'arsu. Cikin shekara ta 1648 sarki Aleksi ya kafa doka a kansu. Ya ce a farfasa kayan kiɗansu, a ƙone. Wanda aka kama yana wasa a doke shi. In ya sake, a kore shi daga ƙasarsu zuwa nesa.

Ɗan wannan sarki shi ne Bitrus, wanda ake ce ma Bitrus Mai Girma. Shi ya kafa birnin Petasbur cikin 1703, cikin fadama a bakin teku. Talakawa aka tilasta ma aikin ginin, kuma dubbai suka mutu a wurin. Bitrus yana so manyansa su yi kama da na Jamus da Faransa. Ya sa suka aske gemu, suka sake tufafi, suka koyi rawa irin ta can. Daga nan hankalin fada ya koma waje. Abin da ya fito daga ƙauye ya zama abin kunya, abin da ya ƙetaro iyaka ya zama abin ado.

Kiɗan saye

Sarauniya Ana ta hau gado cikin 1730. Cikin 1735 aka ɗauko wani gwanin kiɗa daga Italiya, sunansa Araya, shi da mutanensa. Sana'arsa shirya wani irin wasan kwaikwayo da ake kira opera. A cikin opera ba a magana, kome da waƙa ake faɗi, makaɗa suna rakiya. Cikin 1736 ya nuna wasansa na farko a fada. Da harshen Italiya aka yi shi. Sai da aka buga fassara a takarda don ƴan kallo su san abin da ake cewa. Shekara 20 bayan zuwan Araya, cikin 1755, zamanin sarauniya Elizabet, sa'an nan aka yi opera ta farko da harshen Rasha.

Katarina ta karɓi mulki cikin 1762, ta riƙe shi har 1796. A zamaninta gwanayen Italiya suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Galupi ya zo cikin 1765. Paiziyelo ya zo cikin 1776. Sarti ya zo cikin 1784. Cimaroza ya zo cikin 1787. Waɗannan su ne manyan masu tsara kiɗa na Turai a lokacin. Ba a ɗauko irinsu da arha. Ga albashi mai yawa, ga masauki, ga kyauta.

To ku ji abin mamaki. Katarina da kanta ta rubuta cewa kunnenta ba ya jin daɗin kiɗa, a wajenta hayaniya ce kawai. Me ya sa take zuba kuɗi haka? Don sarakunan Faransa da na Ostiriya su ji labari. Tana so a ce fadar Petasbur ba ta gaza tasu ba. Kamar mutumin da ba ya hawa ne, ya sayi ingarma mai tsada ya ɗaure a ƙofar gida don masu wucewa. Wannan shi abokina yake kira son kiɗa. Ni na kira shi neman suna.

Wa ya biya?

Yanzu mu fita daga fada mu shiga ƙauye. A Rasha ta wancan lokaci, fiye da rabin manoma bayin gandu ne. Ba daga wata ƙasa aka kamo su ba. Harshensu ɗaya da iyayen gijinsu, addininsu ɗaya. A ƙasar aka haife su, su da kakanninsu. Amma doka ta ɗaure su ga gonar wani basarake. Ba su tashi daga ƙauyen sai da izininsa. Galibi sukan yi kwana uku cikin mako suna aiki a gandunsa, wani wuri ya fi haka. Waɗansu kuɗi suke biyansa kowace shekara. Bayan wannan akwai harajin kai na gwamnati, irin wanda iyayenmu suka sani da sunan lanho. Sarki Bitrus ne ya kafa shi. Kowane namiji talaka yana cikin lissafi, daga jariri har tsoho. Masu sarauta ba su biya.

Ubangiji yana da ikon ya yi ma bawansa bulala, ya aurar da shi ga wadda ya so, ya tura shi soja, ko ya sayar da shi. A jaridun Mosko da Petasbur ana buga sanarwar sayar da mutane: ga mai dahuwa, ga maɗinki, ga mai goge. Katarina kuwa, in wani ya faranta mata rai, ƙauyuka take ba shi da mutanen ciki. Masana tarihi sun lissafa manoma wajen dubu 800 da ta raba ma manyanta ta haka.

Daga wannan gumi aka biya Galupi da Sarti. Kuma abin bai tsaya ga fadar sarauniya ba. Kowane babban basarake yana so ya kwaikwayi fada. Ba kowa ke iya ɗauko Baitaliye ba, amma kowa yana da bayi. Sai a shiga ƙauye a zaɓi yara, a raba su da iyayensu, a ba su goge ko sarewa irin ta Turai, a sa malami ya hore su. Wanda ya yi kuskure gaban baƙi ya san abin da ke jiransa.

Mutum ɗaya, amo ɗaya

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Akwai wani babban bafade, Narishkin, wanda aka naɗa shugaban farautar sarauniya. Mafarautansa bayi ne. Suna da ƙahoni na ƙarfe da suke busawa a daji. Kowane ƙaho amo ɗaya yake fiddawa, ba ya hawa, ba ya sauka. Wajen shekara ta 1751 Narishkin ya sa wani mabushi mutumin Bohemiya, sunansa Maresh, ya gyara masa su.

Maresh ya yi dabara. Ya sa aka ƙera ƙahoni iri iri. Akwai ƙanana da ba su kai kamu ɗaya ba, masu siririyar murya. Akwai dogaye kamar kakaki, waɗansu sun fi mutum tsawo, sai an ɗora su bisa matokari. Ya ba kowane bawa ƙaho ɗaya. Ya jera su, mutum 30 ko 40. Aikin kowa ya riƙa ƙirga a zuci har lokacinsa ya zo. In ya zo, ya busa amonsa guda, ya yi shiru, ya koma ƙirga. In kowa ya faɗo daidai, sai waƙa ta fito kamar daga baki ɗaya.

Cikin 1757 aka yi wannan busa gaban sarauniya Elizabet wajen farauta kusa da Mosko. Ta ji daɗi ƙwarai. Ta sa aka kafa irinta a fada, aka ba Maresh shugabanci. Daga nan manya suka shiga gasa, kowa yana son tasa ƙungiyar. Da dare, lokacin zafi, akan sa mabusan cikin jirgi bisa kogin Neba. Amon yana tafiya bisa ruwa, ana ji daga nesa ƙwarai. Baƙi daga Turai sun yi mamaki, sun rubuta cewa ba su taɓa jin irinsa ba.

Lalle ba su taɓa ji ba. Me ya sa ba a yi shi a ƙasashensu? Ba dabara suka rasa ba, ai Maresh ɗin daga can ya zo. Mutane suka rasa. Ina ɗa mai ƴanci da zai yarda ya ƙare rayuwarsa kan amo ɗaya? Ku duba makaɗin da kuka sani, mai gurmi ko mai goge. Waƙarsa tana hannunsa. In ya so ya zauna shi kaɗai ya kaɗa, in ya so ya tafi wani gari ya ci abinci da ita, in ya tsufa ya koya ma ɗansa. Mabushin Narishkin fa? Shekara da shekaru yana aiki, ba shi da waƙa ko ɗaya. In ya koma gida ba abin da zai busa ma ƴaƴansa. In an raba shi da sauran, bai iya kome ba. An ɗauki mutum mai hankali, mai mata, mai ƴaƴa, an maida shi kamar rami ɗaya a jikin sarewa.

Abokina ya ce wannan misali ne na haɗin kai, kowa ya kawo nasa, abu ya yi kyau. Na ce masa a'a. Gayya haɗin kai ce. Yau a gonarka, gobe a gonata, kuma kowa da ƙafarsa ya zo. Wanda aka jera da bulala a bayansa, don wani ya ji daɗi cikin jirgi, ba gayya ya zo ba.

Wasa da mutane

Kada ku ce wannan laifin bafade ɗaya ne. Mu koma baya kaɗan ga sarauniya Ana, wadda ta kawo opera. Cikin hunturun 1740 ta sa aka gina gida na ƙanƙara zalla a bakin kogi. Bango, gado, kujeru, duk ƙanƙara. Tana da wani ɗan sarauta, Golitsin, da ta yi fushi da shi ta maida shi wawan sarki. Sai ta aura masa wata baiwarta. Aka sa ango da amarya cikin keji bisa giwa. Aka tattaro mutane wajen 300 daga ƙabilun ƙasar, kowa da tufafinsa da kayan kiɗansa, suka yi rakiya, manya suna dariya. Aka kai su gidan ƙanƙara, aka sa masu gadi, can suka kwana. Allah ya sa ba su mutu ba. Ranar da kiɗan talakawa ya shiga fadar Ana, abin dariya aka shigo da shi.

A zamanin Katarina kuwa, babban na hannun damanta shi ne Potemkin. Cikin Disamba 1788 sojojinsa suka ci garin Ocakof daga hannun Turkawa, aka kashe dubban mutane. Sarti ya tsara waƙar godiya don wannan nasara. Muryoyi da ƙahoni ba su isa ba, sai da aka haɗa da ƙararrawa da harbin igwa. Cikin 1791 Potemkin ya yi ma sarauniya liyafa a gidansa na Petasbur. Baƙi wajen 3000, makaɗa da mawaƙa wajen 300, dare ɗaya. Sojan da ya mutu a Ocakof ɗan manomi ne. Mabushin ɗan manomi ne. Wanda ya biya kyandir ɗin ma manomi ne.

Hujjojin abokina

Abokina mutum ne mai ilmi, kuma bai zo hannu wofi ba. Hujja uku ya kawo. Zan faɗe su yadda ya faɗa, in amsa.

Ta farko. Ya ce in ba don fada ba, da Rasha ba ta sami gwanaye nata ba. Ya kawo misalin Bortniyanski. A majami'un Rasha ba a kaɗa kome, murya kawai ake amfani da ita. Saboda haka fada tana bukatar mawaƙa. Cikin 1738 aka kafa makarantar waƙa a garin Guluhof, cikin ƙasar Yukren, don a riƙa aiko yara masu murya. A garin aka haifi Bortniyanski cikin 1751. Yana da shekara wajen 7 aka kai shi Petasbur. Galupi ya koyar da shi. Aka aika shi Italiya ya yi shekara 10. Cikin 1796 ya zama shugaban mawaƙan fada. Har yau ana rera waƙoƙinsa a majami'u.

Wannan gaskiya ne, na karɓa. Fada ta koyar da yara rubutun kiɗa, kuma ilmi abin kirki ne ko daga ina ya fito. Amma mu tambaya: don wa aka koyar da su? Yaro ɗan shekara 7 aka ɗauka aka kai kusan kilomita 1000, abin da ya fi tsakanin Yamai da Damagaram, don kunnen sarauniya. Ba don garinsu ba. Kuma ba kowa ya yi sa'ar Bortniyanski ba. Berezofski shi ma mawaƙin fada ne daga Yukren. Ya yi karatu a Italiya har ƙungiyar gwanayen kiɗa ta birnin Bolonya ta karɓe shi cikin 1771. Ya komo gida, bai sami matsayi irin na baƙi ba. Ya mutu cikin 1777, yana da shekara 30 da ƴan kai. Manyan kujerun opera na baƙi ne, ɗan ƙasa yana baya.

Ta biyu. Ya ce kiɗa ya ɗaukaka talakawa. Ga Razumofski, makiyayi ne a ƙauye, yana waƙa a majami'a. Wani hafsa ya ji muryarsa cikin 1731 ya kai shi fada. Elizabet ta so shi, ya zama ɗaya daga cikin manyan ƙasa. Ga kuma Paraskobiya, ɗiyar maƙeri, baiwa, wadda ta auri ubangijinta.

To mu dubi labarin Paraskobiya da kyau. An haife ta cikin 1768. Iyayenta bayin gidan Sheremetef ne, gidan da ya mallaki mutane wajen dubu 200. Tana ƙarama aka ɗauke ta daga gidan ubanta. Aka koya mata waƙa da Faransanci da Italiyanci. Aka sake mata suna, ana kiranta Lu'ulu'u, don a wannan gida sunayen duwatsu masu daraja ake sa ma ƴan wasa. Cikin 1787 ta yi waƙa gaban Katarina, sarauniya ta ba ta zobe. Zobe ta samu, ba takardar ƴanci ba. Sai cikin 1798 maigidan, Nikola Sheremetef, ya ƴanta ta. Ya aure ta cikin 1801, a ɓoye. Don kada a ce ya auri ɗiyar maƙeri, sai da aka ƙago mata asali, wai kakanninta ƴan sarautar Polan ne. Tarin fuka ya riga ya kama ta. Ta rasu cikin 1803, makonni kaɗan bayan ta haihu, tana da shekara 34.

Ban ce mijin bai so ta ba. Ya so ta ƙwarai. Amma ku duba. Mace da ta fi kowa murya a gidan, wadda sarauniya ta yaba, ba ta isa a nuna ta a fili ba sai an share sunan ubanta. Kuma ita ɗaya ce cikin dubu 200. In mutum ɗaya ya fita daga rijiya, ba za mu ce rijiya tsani ba ce.

Ta uku. Ya ce haka zamanin yake, kada mu auna mutanen da da mudun yau. Ya ƙara da cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, watakila sarauniya ba ta san abin da ake yi a ƙauye ba.

Ta sani. Cikin 1765 ta ba iyayen giji ikon tura bayinsu aikin wahala a Sibiriya. Cikin 1767 aka kafa doka cewa bawan da ya kai mata ƙarar ubangijinsa a yi masa bulala a kore shi. A wannan lokaci Galupi yana fada yana kiɗa. Kunnen da aka buɗe ma opera, shi aka toshe ma mai kuka. Bayin ma ba su ce haka zamani yake ba. Daga 1773 zuwa 1775 dubbansu suka bi wani mutum, Pugacof, suka yi tawaye, suka ƙone gidajen manya. Aka ci su da yaƙi, aka kashe Pugacof a Mosko cikin Janairu 1775.

Har cikin masu sarauta akwai wanda ya faɗi gaskiya. Cikin 1790 wani ma'aikacin kwastan, Radishcef, ya buga littafi kan tafiya daga Petasbur zuwa Mosko. Ya ba da labarin manomi mai huɗa ran Lahadi don sauran kwanaki na ubangiji ne. Ya ba da labarin yadda ake gwanjon mutane. Ya kuma yi zancen waƙar mai tuƙa keken doki. Ya nuna cewa duk wanda ya saurari waƙoƙin talakawan Rasha zai ji baƙin ciki a cikinsu, kuma ya kamata masu mulki su saurara. Katarina ta karanta littafin. Aka yanke masa hukuncin kisa, sa'an nan ta maida shi korar shekara 10 a Sibiriya. Ashe mudun da nake awo da shi ba na yau ba ne. Mutanen lokacin ma suna da shi.

Abin da ya saura

Yau ina operar Araya? Sai masu bincike suka san ta. Ƙahonin da suka saura suna gidajen ajiye kayan tarihi, sai jifa jifa waɗansu masu sha'awa su gwada irin busar, su kuwa da son ransu. Abin da ya yi rassa shi ne wanda aka raina.

Akwai wani makaɗin fada, Turutofski, mai kaɗa wani abu mai tsirkiya da yawa da ake kira gusli. Daga 1776 ya fara buga waƙoƙin talakawa cikin littafi, da kalmominsu da rubutun kiɗansu. Cikin 1790 waɗansu mutum biyu, Liwof da Parac, suka buga waƙa 100. Cikin 1787 Fomin, ɗan wani soja mai harba igwa, ya tsara opera kan masu tuƙa keken doki, ya sa irin waƙarsu a ciki. Littafin nan na 1790 ya yi tafiya. Har Betoben, babban gwanin kiɗa na Jamus, ya ɗebi waƙa biyu daga ciki ya sa cikin kiɗansa na 1806.

Sa'an nan Gilinka ya zo, wanda Rashawa suke kira uban kiɗansu. Tun yana yaro, makaɗan da suka sa masa son kiɗa bayin kawunsa ne, suna busa waƙoƙin ƙauye. Da ya nuna operarsa ta farko cikin 1836, waɗansu manya suka yatsine fuska, suka ce wannan ai kiɗan ƴan keken doki ne. Wannan kiɗan ne ya kai sunan Rasha duniya.

Amma ko a nan an yi rashin adalci. An san sunan Liwof, sunan Parac kuma yana kan littafi. Matan da suka rera waƙoƙin a gona da wajen aure, ba a rubuta sunan ko ɗaya ba. Mun san Narishkin, mun san Maresh. Mutum 40 da suka tsaya a layi suna ƙirga fa? Bautar gandu ba ta ƙare a Rasha ba sai cikin 1861, sa'ad da aka ƴanta mutane wajen miliyan 23. Shekara 110 ke nan bayan dabarar Maresh. Mabusan farko ba su ga wannan rana ba.

Abin da nake nema

Ban ce a rushe fada ba, ban ce a daina jin Bortniyanski ba. Abin da nake nema ga abokina da masu rubuta littattafai kaɗan ne. In za su faɗi labarin, su faɗe shi duka. In sun ce Katarina ta ɗauko Sarti, su ce da harajin wa. In sun ce busar ƙaho ta ba Turai mamaki, su ce mutum nawa aka tsare kan amo ɗaya. In sun ce zamanin zinariya, su faɗa mana na mutum nawa ne. Rabin labari da aka yi ma ado ya fi ƙarya ɓatad da mutane, don ƙarya ana gane ta da wuri.

Ku kuma, ƴan uwa, in wani ya nuna muku hoton babban gida, ko na wace ƙasa ne, ku yaba in ya yi kyau. Bayan yabo ku tambaye shi su wa suka ɗauki dutsen. In kun ji kiɗa mai daɗi, ku nemi sunan makaɗin tun kamin ku nemi sunan mai biki.

Na gaya ma abokina zan buga wannan magana. Ya ce shi ma zai rubuta amsa, kuma ina jiranta. Ku karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna, ku tattauna a dandali da dare. Wanda ya ga na yi kuskure ya ɗauki alƙalami ya rubuto, ya kawo hujjarsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wani jiƙo.